Sassaƙe da Kansar Maƙoshi: Tsakanin Kwanon Gwaji da Gadon Majinyaci

Hoce ne ya fara gagararsa. Dattijo ne cikin danginmu, manomi a wani ƙauye na ƙasar Bungudu, mutumin da a da yakan tashi da malmala uku ta tuwon dawa ya kora da fura kafin ya kama hanyar gona. Da hoce ya soma tsaya masa a ƙirji, sai ya ce matan yanzu ba su iya gashi ba. Bayan wata biyu nama ya bi sahu, ya ɗora wa haƙora laifi. Sai tuwo, sai fate. Ranar da na je gaishe shi na tarar an dama masa tsinkakken kunu yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ga wani gwangwani a gefen tabarma da yake tofar da yawu a ciki. Riga ta yi masa yawa.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri mu tafi Gusau a duba ku."

Ya ce, "Ɗana, an ce daji ne. Kai ko ka san daji bai son ƙarhe."

Jikansa, wani ɗan sakandare mai wayo, ya miƙo mini waya. Bidiyo ne da ya zagaya WhatsApp, wani mutum sanye da farar riga yana cewa masanan Turai sun gano gangamau, wato kurkum, yana kashe kansar maƙoshi cikin awa 24. A gefen gadon kuwa ga robar jiƙon sabara da marke, ga ƙullin garin habbatus sauda, ga zuma. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, maganar bidiyon tana da tushe. A shekarar 2009 wasu masu bincike a birnin Cork na ƙasar Ailan, ƙarƙashin jagorancin Dakta Sharon McKenna, sun zuba sinadarin kurkumin, wanda shi ke ba gangamau launin rawaya, a kan ƙwayoyin kansar maƙoshi, suka ga sun soma mutuwa cikin yini guda. Mai bidiyon bai ƙirƙiri labari ba. Abu ɗaya ya bari bai faɗa ba: ƙwayoyin nan a cikin ɗan kwanon gwaji suke, ba a jikin mutum ba.

Kafin mu shiga kwanon, bari mu san wurin da ake magana. Maƙoshin da nake nufi shi ne bututun da abinci ke bi daga bayan baki zuwa tumbi, tsawonsa kamar santimita 25, ba hanyar numfashi ba. Kansa iri biyu ce ta fi kama shi. Ɗaya tana tasowa daga fatar da ta shimfiɗe cikin bututun, galibi a sama ko tsakiya, kuma ita ce ta fi yawa a Afirka da Asiya. Taba da giya da abin sha mai tsananin zafi da ƙarancin ganye da 'ya'yan itace a abinci su ne manyan abokan tafiyarta. Ɗayar tana fitowa can ƙasa kusa da bakin tumbi, inda ruwan tsami ke yawan tasowa yana ƙona wurin shekara da shekaru, ita kuma ta fi yawa a Turai da Amurka, musamman ga masu ƙiba. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta nuna a 2020 mutum kusan 604,000 suka kamu a faɗin duniya, kusan 544,000 suka mutu. Dubi yadda lambobin biyu suka kusanci juna. Dalili kuwa bututun yana da miƙewa, ƙari yakan daɗe yana girma mutum bai ji komai ba, sai ya ci babban ɓangare na hanyar kafin loma ta fara tsayawa. A Afirka cutar ta fi ƙamari a gabas da kudu, daga Habasha zuwa Kenya da Tanzaniya da Malawi har Afirka ta Kudu. Alƙalumanmu na yamma ƙanana ne, sai dai wanda ya rasu a ƙauye ba tare da likita ya leƙa maƙoshinsa ba ba ya shiga lissafin kowa.

Yanzu kwanon. Masu bincike suna da ƙwayoyin kansa da aka ciro daga majinyata shekaru da dama da suka wuce, ana renonsu a ɗakin gwaje-gwaje suna ta hayayyafa. Na maƙoshi da aka fi amfani da su sun fito ne daga Kyoto da Tohoku a Japan, da Sin, da Ingila, da Afirka ta Kudu. Sai a shimfiɗa su a faranti mai ƙananan ramuka, a ɗiga musu sinadarin da ake son gwadawa, a jira yini ɗaya ko biyu ko uku, a ƙirga nawa suka rayu. Ta haka aka gwada kurkumin, da sinadarin koren shayi, da na fatar inabi, da na tafarnuwa, da wasu da dama. An gwada timokwinon na habbatus sauda da nimbolid na dogon yaro da sinadaran citta a kan ƙwayoyin kansa iri-iri. Har sabararmu ba a bar ta a baya ba, an ware wani sinadari daga ganyenta da ya nuna ƙarfi a kan wasu ƙwayoyin kansa a faranti. Abin da ake gani kusan iri ɗaya ne: wani sinadarin yana hana ƙwayar rabuwa biyu, wani yana tayar da tsarin kashe kai da Allah Ya sanya wa kowace ƙwayar halitta wanda ita kansa ta toshe, wani yana rage mata kuzarin yin ƙaura zuwa wani wuri.

Duk wannan gaskiya ne, kuma aiki ne mai amfani. Amma manomi ya san kashe ɓera a cikin tukunya ba gwaninta ba ce. Gwanintar ita ce ka kashe shi a cikin rumbu ba ka ƙona rumbun ba, ba ka kuma zuba wa dawar guba ba. Ƙwayar da ke faranti ba ta da hanta da za ta tace mata magani, ba ta da ƙoda da za ta fitar da shi, ba ta da inda za ta ɓuya. Ka zuba mata ruwan kanwa mai kauri ko ruwan wanki, ita ma za ta mutu. Tambayar da ta dace ita ce, shin in mutum ya haɗiye abin nan, yana isa ga ƙarin da ƙarfin da ya isa farantin, kuma yana barin lafiyayyun sassan jiki?

A nan kurkumin yake faɗuwa. Abin da ke cikin garin gangamau bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba. Ɗan abin da aka haɗiya, hanji ba ya tsotse shi sosai, wanda aka tsotsa kuma hanta tana sauya shi ta kore shi nan da nan, har ya zama ko wanda ya sha giram da yawa a yini, abin da ake samu a jininsa ɗan mitsitsi ne. A 2017 wasu masana haɗa magunguna a Amurka sun bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi da shi a kan mutane, fiye da 120, suka ce babu ko ɗaya cikin masu tsauraran ƙa'idoji da ya tabbatar da yana warkar da wata cuta. Sun kuma nuna yana cikin sinadaran da ke yaudarar na'urorin gwaji, su nuna aiki inda babu.

Su kansu ƙwayoyin farantin ba kullum ne suke abin da aka rubuta a jikin kwalbarsu ba. A 2010 wani bincike da aka jagoranta daga Holan ya gano cewa layuka uku na ƙwayoyin da aka daɗe ana ɗauka na kansar maƙoshi ne, ashe ɗaya na huhu ne, ɗaya na babban hanji, ɗaya na tumbi. An riga an wallafa maƙaloli fiye da 100 a kansu. Wato shekaru ana auna hular wani da kan wani.

Akwai hujja ɗaya da masu jiƙo za su iya kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce maƙoshi ba kamar huhu ko nono ba ne, abin da aka sha yana gogar wurin kai tsaye, ba sai ya bi jini ba. A 2012 an wallafa wani ƙaramin gwaji da Dakta Tong Chen ta Jami'ar Jihar Ohio ta yi a Sin, inda aka riƙa ba mutane giram 60 na busasshen garin sitirobari a kullum har wata shida, aka ga sauyin alheri a maƙoshin 29 cikin 36. Sai dai mutanen nan ba su da kansa tukuna, fatar wurin ce ta fara canza kama, irin canjin da wani lokaci yakan koma da kansa, kuma ba a ware wasu da ba a ba komai ba don a kwatanta. Sannan ruwa yana ratsa maƙoshi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ƙarin da ya hana tuwo wucewa kuwa ya riga ya nutsa cikin bangon bututun, sau da yawa har ya kai ga kaluluwar da ke kewaye. Shafar sama ba ta kai masa.

Ko a fagen rigakafi abin bai zo da sauƙi ba. A gundumar Linxian ta Sin, inda cutar ta yi katutu, an raba wa mutum kusan 30,000 ƙwayoyin bitamin da ma'adanai daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1991. An ga raguwar mace-macen kansar tumbi a wani rukuni, amma ta maƙoshi ba ta nuna ja da baya a fili ba. A Finlan kuwa, a 1994, sinadarin da ke ba karas launinsa, da aka mayar ƙwaya aka ba mashaya taba da zaton zai kare su, sai ya ƙara musu kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Cin karas da zogale da rama da gwanda alheri ne, wannan babu jayayya. Ciro abu guda daga cikinsu a dunƙule shi a ɗura wa mutum, wannan wani lamari ne daban.

To ashe itace ba shi da abin cewa a maganar kansa? Yana da shi, har ya fi yadda mai lasifika a tasha yake zato. A 1962 wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya sassaƙo ɓawon wata bishiya da Turawa ke kira yew a dazukan arewa maso yammacin Amurka, cikin wani shiri na gwamnati da ya tace samfurin tsirrai fiye da 100,000 cikin kimanin shekara ashirin. Wasu masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ware sinadarin da ke aikin, suka bayyana siffarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano dabararsa: idan ƙwaya za ta rabu biyu, takan kafa wasu siraran zaruruwa su ja rabin gadonta nan rabi can, sannan su warware, shi kuwa sai ya daskarar da zaruruwan su ƙi warwarewa, ƙwayar ta maƙale a tsakiyar haihuwa ta mutu. Ba a amince a fara ba majinyata shi a matsayin magani ba sai 1992, shekara 30 cif bayan sassaƙar. Shi ne Taxol. A 2012 likitocin Holan suka wallafa sakamakon gwaji a kan masu kansar maƙoshi 366: waɗanda aka yi wa tiyata kawai, rabinsu sun wuce wata 24 a raye, waɗanda aka fara ba Taxol da wani maganin tare da gashin na'ura kafin tiyatar, rabinsu sun wuce wata 49. Wannan tsari yanzu yana cikin manyan hanyoyin jinyar cutar a duniya.

Abin lura, da wani ya jiƙa ganyen wasu 'yan uwan bishiyar nan ya sha, zuciyarsa na iya tsayawa, don suna ɗauke da wata guba daban. Maganin ma ta jijiya ake ba da shi, da awo, gwargwadon tsawon mutum da nauyinsa. Haka labarin wani fure mai launin hoda ko fari ɗan asalin Madagaska, wanda ake shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi har a Gusau. Masu maganin gargajiya a wasu ƙasashe suna ba da shi don ciwon suga. Da masu bincike a Kanada suka gwada shi a shekarun 1950, ba su ga ya sauke suga ba, sai suka ga yana rage fararen ƙwayoyin jini. Daga nan aka samo binkiristin, wanda ake ba yara masu kansar jini da masu ƙarin muƙamuƙin nan da ya addabi yaran Afirka. Ana buƙatar ɗaruruwan kilo na ganyen kafin a samu giram ɗaya. Masu gargajiya sun yi daidai da suka ce akwai wani abu a furen, sun dai saɓa a kan mene ne shi da kuma cutar da yake wa aiki.

Ni ban ga dalilin raina sabara da marke da hano da gwandar daji ba. Mai yiwuwa ne a cikinsu akwai abin da jikokinmu za su gode wa. Najeriya ta taɓa bin hanyar da ta dace: cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na sikila mai masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta gwada shi a kan majinyata, ya zama Niprisan. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe. Abin da nake roƙon malamai da ɗalibansu, idan aka jiƙa ganye aka ga ya yi wani abu a faranti ko a jikin ɓera, a rubuta abin da aka gani kawai. Jimlar nan da ake rufe maƙala da ita, cewa sakamakon ya tabbatar da amfanin da ake yi da itacen a gargajiyance, ita ce ke fita daga jami'a ta shiga bakin mai talla, ta dawo mana a bidiyo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sannan a daina cewa tunda daga ƙasa ya fito ba ya cutarwa. Taba ma ganye ce, kuma tana cikin manyan masu jawo cutar da muke magana a kai, ko an busa ta, ko an zuƙe ta a shisha, ko an cusa garinta a leɓe. Duman dutse, wanda ake sayarwa a kasuwanninmu, ɗan gidan wasu tsirrai ne masu sinadarin da ya lalata ƙodar mata fiye da 100 a Beljiyam a farkon shekarun 1990 bayan sun sha haɗin rage ƙiba, wasunsu kuma suka kamu da kansar hanyar fitsari. Wani ɗan uwan gwandar daji da ake tallata ganyensa a intanet a matsayin maganin kansa, an danganta yawan shansa da wata cutar jijiyoyi mai kama da ciwon karkarwa a tsibirin Gwadalub. Shi kansa gangamau, bincike a Bangaladash ya gano wasu 'yan kasuwa na zuba masa fenti mai dalma don ya ƙara rawaya. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalma. Mun binne yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya kuwa ba shaidar yana warkarwa ba ce, a jikin takardar ma akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Ƙananan haruffa ne, shi ya sa ba a karantawa.

Bari in ɗan ratse zuwa teburin mai shayi. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙoshi, bisa abin da aka gani a wurare irin su Golestan a Iran, inda ake kwankwaɗar shayi yana tururi. Laifin ba na ganyen shayin ba ne, na ƙunar ce da ake maimaitawa kullum. Wanda ya bar shayinsa ko kununsa ya sha iska minti biyar ya yi wa maƙoshinsa abin da cokalin kurkum bai yi masa ba. Sheƙawar da mai shayi ke yi tsakanin kofi biyu ashe ba ado ba ce kawai.

Saura maganar da Kawu ya kare kansa da ita. Kalmar daji a bakinmu buhu ce mai ɗaukar kaya da yawa: kumburin ƙafa, gyambon da ya ƙi warkewa, maruru, karkare, ƙari, duk daji ne. Da yawansu ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, suna warkewa da kansu ko da ɗan magani. Don haka idan mai magani ya rantse ya warkar da daji sau hamsin, mai yiwuwa ba ƙarya yake ba, sai dai ba kansa ya warkar ba. Shi ma batun ƙarfe yana da mafari: mutane sun ga an kai majinyaci asibiti a ƙurarren lokaci, an taɓa shi, ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙar likita laifin watannin da aka ɓata a gida. Wani bincike na Jami'ar Yale a 2018 ya nuna masu kansar da ake iya jinyarta, waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi.

Kuma ba duk tsayawar loma ce kansa ba. Akwai ƙanƙancewar hanya saboda ruwan tsamin ciki, akwai wadda ke biyo bayan yaro ya sha sodar sabulu, akwai ƙin buɗewar bakin tumbi, akwai farin ƙurajen da ke kama mai raunin garkuwar jiki. Duk ana jinyarsu. Ba a rarrabe su da ido ko da taɓa wuya, sai an zura siririn bututu mai fitila an leƙa, an ɗan gutsuro tsokar wurin an duba. Matakin farko manyan asibitocin Gusau ne, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ta kai ga gashi, sai dai a bi ta Bungudu da Maru da Talata Mafara zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, ko a bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Shika. Na san abin da waɗannan hanyoyi biyu ke nufi a shekarun nan, na san kuɗin mota da na masauki da na magani, na kuma san mai jiƙo yana nan bayan gida, yana karɓar kaza ko alkawari, yana kiran majinyaci da sunansa. Wanda ya zaɓe shi ba wawa ba ne. Amma kowane wata da ya wuce ana jiran jiƙo ya yi aiki, hanyar tana ƙara tsukewa, jiki yana ƙara zubewa, har a kai inda ko likitan ya so yin tiyata majinyacin ba zai iya ɗauka ba.

Kawu ya yarda ne bayan ruwa ma ya fara dawowa ta hanci, wata bakwai da fara tsayawar hoce. Aka ce tiyata ta wuce, aka sa masa bututun ciyarwa, aka ce za a gwada kemo ko za a samu hanyar ta ɗan buɗe. Ina zaune kusa da shi ana ɗaura ledar farko, na karanta sunan da ke jikinta, na ce, "Kawu, kun san wannan da ake sa muku ma daga sassaƙen itace aka samo shi?"

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ruwan yana ɗiga.

Ya ce, "To mi ya hana a hwaɗa muna tun da wuri?"

Bayan zagaye na biyu ya iya haɗiye fura, cokali shida, jikan nan nasa yana ƙirgawa.